Ɓarawon da Ke Cika Faifan Wa-Ya-Taɓa

Har yau a ofishinmu, in aka ga farin abu a tufar mutum, sai a ce ya biya ta teburin Wa-Ya-Taɓa. Asalin maganar wata Talata ce da safe, manaja ya shigo da baƙi biyu yana nuna musu ɗakin masu rubuta manhaja. Ya dafa teburin da ke lungu yana bayani, ya ɗaga hannu ya gyara baƙar kwat ɗinsa, sai ga shatin yatsu biyar fari fat a ƙirjinsa. Hodar jarirai ce. Mai teburin ne ya barbaɗa ta don ya kama ɓarawo.

Kada a ɗauki alhakinsa, Wa-Ya-Taɓa mutumin kirki ne. Shekara goma sha shida yana wannan aiki, ba a taɓa jin ya ci naman wani ba. Yarda ce kawai Allah bai ba shi ba. Kofin shayinsa yana da alama a gindi, kujerarsa ya ɗaura mata jan zare a ƙafa. In ya dawo daga wanke hannu, sai ya tsaya ya ƙare wa teburin kallo, ya tambayi ɗakin gaba ɗaya wa ya taɓa. Nan sunan ya samo asali.

Kwamfutarsa faifan ajiya biyu gare ta: ƙarami, wanda na'urar ke tashi da shi, da babba, wanda yake kusan fanko. Ƙaramin ya cika har layin da ke nuna cikarsa ya koma ja, aiki ya zama tafiyar hawainiya. Sai ya yi abin da masu sana'ar kan yi. Ya cire manhajojin da yake rubutu da su, da wadda ke harhaɗa masa abin da ya rubuta, ya sake girka su a babban faifan. Wuni guda ya kashe. Layin ya koma shuɗi, har muka ga haƙorinsa.

Bayan kwana huɗu ja ya dawo.

Ya sa ido, ya lura faifan ya fi cika ranar da aiki ya yi yawa, wato ranar da yake yawan hawa bene wajen masu gwajin manhaja. Lissafin bai ba shi wuya ba: da ya juya baya, wani na zama a kujerarsa. Muka ce wannan ɓarawo na musamman ne, ba ya ɗauka, kawo kaya yake. Bai yi dariya ba.

Ya fara da mai shara, ya gane ko makunnin na'urar ba ta sani ba. Ya leƙa mai gadi, ya bar shi. Daga ƙarshe zargin ya sauka a kan Dogo, wanda teburinsa ke manne da nasa. Dogo ƙanen matarsa ne, mota ɗaya suke zuwa aiki kullum, kuma mutum ne mai son ɗaukar bidiyon 'ya'yansa, ko atishawa suka yi. Wa-Ya-Taɓa bai fito ya faɗa ba. Ya dai canja kalmar sirri sau uku a mako guda, ya karkata fuskar kwamfutar ta kalli bango, a mota kuma ya riƙa tambaya, wai don hira, ina Dogo ke ajiye bidiyo in wayarsa ta cika.

Ranar hoda, manaja na fita, idon Wa-Ya-Taɓa ya faɗa kan yatsun Dogo. Dogo ya shimfiɗa hannuwansa a kan tebur.

"Duba da kyau, Yaya. Ga bayan ma."

Washegari Dogo ya hau bas. Ranar Asabar bai je gidan yayarsa ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Ita kuwa ba a yi mata kwana-kwana. Ta tare mijinta a ƙofar kicin ta ce abu biyu sun ɓace mata a gidan nan, hodar auta da ƙanenta, kuma duka biyun take so a dawo mata da su.

Ranar Litinin muka ga abin al'ajabi. Wa-Ya-Taɓa ya tashi tsaye, ya tura wa Dogo kujerarsa mai jan zare, ya ce ya duba masa. Dogo ya ƙi zama. Ya goya hannuwansa a baya, ya ce shi ba zai taɓa komai ba, Yaya ya buɗe folda kaza a ƙaramin faifan, sannan ya danna harhaɗa aikinsa da kansa. Ya danna. Muna kallo, fayiloli suka riƙa ɓullowa a foldar kamar tururuwa ta ga sukari.

Ashe kayan aikin sun ƙaura, amma ba a nuna musu sabon wurin zuba fayilolin wucin gadi ba, tarkacen da suke bari duk sanda suka yi aiki. Kowace dannawa tasa, sai su koma inda suka saba.

"Ka tashi daga gida, Yaya, amma kullum tsohon gidan kake kai shara," in ji Dogo.

Layin umarni ɗaya ne gyaran. Dogo ya faɗa, shi ya rubuta, ya share tarkacen, shuɗi ya dawo.

Ba mu ji an ba da haƙuri ba. An dai ce washegari motar Wa-Ya-Taɓa ta isa ƙofar Dogo minti goma kafin lokaci, ta tsaya shiru ba hon, har ya fito ya shiga gaba.

Da aka zauna shan shayi, mai yi mana zane a ofishin ta tambayi Wa-Ya-Taɓa ko an kama ɓarawon nan kuwa, ko a ƙaro hoda. Ya juya kofinsa ya duba alamar gindin tukuna.

"An kama, ni ne. Ai na sha gaya muku kada ku yarda da kowa." Ya kurɓa, ya kalli Dogo ta saman kofin. "Ni dai abin da ke ɗaure mini kai, yaya aka yi ya san hanyar foldar nan da sauri haka?"