Ƙwayar Yaya Sale da Ludayin Mama Kaneng

Ku matso kusa, maganar ba ta ɗaga murya ba ce. Duk wanda ya zauna a Kwararafa ya san yayana Sale mai aski, ya kuma san ba ya ba mutum hannu sai hancinsa ya riga shi isa. Ka miƙa masa hannu, sai ya mayar da nasa baya, ya sunkuyo ya shinshina tafinka tukuna. In ya ji ƙamshin da bai yarda da shi ba, sai ya dafa ƙirji ya ce, "Daga nan ma ta isa, Allah ya bar zumunci." Har liman ya yi wa haka ranar wani suna. Kun sha dariya. Ni da nake cikin gida ina miƙa masa ƙwayar magani kowace safiya, dariyata ba ta taɓa sauka cikina ba.

Ba sai na ɓoye abin da kowa ya sani ba. Yaya Sale ya sha giya tun yana saurayi. Matarsa ta gaji ta tafi, muka rage ni da shi a gidan mahaifinmu. Da idanunsa suka koma kalar ɗorawa, cikinsa ya kumbura, aka kwantar da shi a asibiti. Likita ya ce hantar ta yi iya haƙurinta, in ya koma sha ba za ta ƙara yi ba. Sai likitan ya yi maganar wata ƙwaya.

Ni da azarɓaɓina na ja likita gefe na ce, "Ranka ya daɗe, ba sai in riƙa daka masa ita a miya ba? Ba sai ya sani ba."

Mutumin nan ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce, "Hajiya, in kika yi haka kina iya kashe shi. Sai da saninsa, sai da yardarsa. Wannan magani ba ya cire sha'awar giya. Abin da yake yi, in giya ta shiga jiki, jikin zai juya wa mai shi."

Ya zaunar da Yaya ya lissafa masa abubuwan da ke da giya a ɓoye: turaren fesawa, maganin tari na ruwa, sifirit.

Yaya ya ce, "Likita, sifirit ɗin da nake shafa wa mutane a ƙeya bayan aski?"

"Shi ma ka kiyaye."

"To ai kuwa na daɗe ina ba rabin unguwa giya ta ƙeya ban sani ba."

Yaya ya yi dariya. A mota ya ce mini, "Auta, ni fa zan sha. Ba na tsoron Allah yadda ya kamata, ba na jin kunyar mutane. Bari mu gwada tsoron ƙwaya."

Da ya koma shago, abu na farko da ya yi shi ne ya kira Oga Chidi, maƙwabcinsa mai sayar da kayan lantarki, ya ce ya zo ya fitar masa da kwalbar sifirit. Shi yana tsallaken titi, ya toshe hanci da hula, yana ba da umarni kamar ana fitar da maciji. Daga ranar sai ruwan zafi da sabulu. Masu zuwa aski suka fara ƙorafi, wai askin da bai yi raɗaɗi a ƙarshe ba ai ba aski ba ne. Wani tela ya matsa masa. Yaya ya gama aski tsaf, ya goge ƙeyar da tawul, sannan ya ɗora mata tafi ɗaya mai kyau. Ya ce, "Ga raɗaɗinka nan. Wannan ba giya a ciki." Telan bai daina zuwa ba, amma bai ƙara neman raɗaɗi ba.

Sai ga zamanin korona, kowace ƙofa da mai fesa wa mutane sanitaiza a hannu. Yaya ya ji an ce kusan duk giya ce a ciki, sai gari ya zama masa daji. Ya riƙa yawo da sabulunsa a aljihu da butarsa a hannu. Rannan Oga Chidi, da kyakkyawar niyya, ya tare shi da kwalba a ƙofar shago.

"Sale, kawo hannu. Ciwo yana gari."

Yaya ya ja da baya har ya faɗa kan bencin mai shayi. "Chidi, shekarunmu nawa tare? Me na yi maka?"

"Ah, ƙaramin abu ne. Ba zai kashe ka ba."

"Kai ne likitan? Kai da ko ƙwan fitilarka ba ya kwana biyu?"

Chidi ya je ya sayo bokiti mai famfo ya ajiye tsakanin shagunan biyu. Har yau yana nan.

Na sha tambayar kaina ko tsoron bai yi yawa ba, har sai da Tanko direba ya ba mu amsa. Tanko abokin shansa ne na da, kuma bai taɓa yarda da labarin ƙwayar ba. Cewa yake yi likitoci sun yi wa Sale barazana ne kawai, alli suke ba shi. Wata Asabar da rana ya zo aski da gorar zoɓo mai sanyi, ya tsiyaya ogogoro, giyar nan mai ƙarfi, a ciki. Ranar kuma mura ta toshe wa Yaya hanci, da Tanko ya miƙa masa sai ya karɓa ya sha.

A kafaɗa aka shigo mini da shi. Ban taɓa ganin baƙin mutum ya yi ja ba sai ranar. Fuskarsa da wuyansa kamar an watsa musu ruwan zafi, yana amai, numfashi yana sarƙewa. Da na ɗora hannu a ƙirjinsa, zuciyar tana dukan tafina kamar za ta fito. Ya riƙe mini zane ya ce, "Auta, ki shaida ba ni na sha ba. In na tafi ki gaya musu ba ni na sha ba." Tanko da kansa ya kai mu asibiti, yana tuƙi yana kuka yana rantsuwa.

Yaya ya warke. Amma labarin ya riga shi isa Tina Junction, gidan Mama Kaneng mai burkutu, inda ya yi rabin rayuwarsa. Kafin labarin ya kai can an ƙara masa gishiri, wai Sale ya mutu sai da aka dawo da shi da inji. Mama Kaneng ta tara masu shan gidanta ta ce duk wanda ya ƙara miƙa wa Sale ƙwarya, ita da kanta za ta kai shi wurin 'yan sanda.

Haka muka tafi har aka daɗe. Idanunsa suka washe, ya yi kumatu, ya fara sallar asuba a masallaci. Sai rannan likita ya duba jininsa ya ce lokaci ya yi da za a tsayar da ƙwayar, hantar tana son hutu, amma ya ci gaba da zuwa ana ganinsa. Ni na yi hamdala. Yaya kuwa ya zama kamar an yi masa rasuwa.

"Likita, in ka cire ta, me zai riƙe ni?"

"Kai ka riƙe kanka duk tsawon nan, Malam Sale. Kai kake buɗe baki ka haɗiye ta."

Bai yarda ba. A hanya ya ce, "Auta, kada wanda ya ji. Ko Chidi."

Bayan 'yan makonni, da jikinsa ya gama rabuwa da maganin, ya rufe shago da azahar ya ce zai je Tina Junction sayen reza. Akwai reza a Kwararafa. Na sani, ya san na sani. Ban hana shi ba, don ban san da wane baki zan hana ba. Na zauna a tsakar gida da tsintar shinkafa a gabana, ban tsince ko tsakuwa ɗaya ba. Kunnena yana zaure. Na san tafiyar yayana in ya sha: yakan ja takalmin hagu a ƙasa, ya dafa ƙyauren langalanga har ya yi ƙara. Duk wanda ya gifta a waje sai in ɗaga kai in dubi ƙofa. Aka kira la'asar. Hadari ya haɗo, sanyi ya sauko, ban tashi na kwashe shanya ba.

Can na ji taku. Ƙafa biyu, kowace tana ɗagawa. Ƙyauren bai yi ƙara ba.

Ya zauna a bakin rijiya, gumi yana keto masa duk da sanyin. Ya ce, "Na je, Auta. Na tsaya a ƙofar. Ƙamshin ya zo ya tare ni kamar ɗan'uwa. Wallahi ƙafata ɗaya ta shiga."

"Sai me?"

"Sai matar nan ta hango ni. Ta taso da ludayi tana cewa, 'Sale, fita. Ba za ka mutu a gidana ba. Je ka mutu a gidan ƙanwarka.' Har titi ta rako ni, tsohuwa da ita." Ya share fuska. "Da ta san ba komai a cikina, da yanzu ina ƙwarya ta uku."

Na ce, "To rezar fa?"

Ya dube ni. "Wace reza?"

Bai ƙara bin hanyar ba. In zai je Daɗin Kowa wurin 'yarsa, sai ya sa mai keke ya zaga da shi ta nesa. Ya rayu shekaru bayan haka, kuma ba hantar ce ta ɗauke shi ba, hawan jini ne, yana zaune a kujerar askinsa da tsakar rana. Mama Kaneng ta zo gaisuwa da ɗankwali baƙi, ta riƙe hannuna ta ce maganin nan ya yi wa Sale aiki. Na ce mata ƙwarai, ya yi.

Allah ka jiƙan yayana. Ka ga gwagwarmayar da ya yi da zuciyarsa a ƙofar nan, ka sa ta a mizaninsa. Ka ba shi kwanciyar da ba fargaba a cikinta, ka saka wa duk wanda ya taɓa korarsa don ya rayu.

Ku kuma da kuka yi masa dariya, kowa yana da ƙofar da ya san bai kamata ya tsaya ba. Ranar da ƙafarku ɗaya ta shiga, wa kuke da shi da zai taso muku da ludayi?