Ranar da ragon suna ya tsere da kariyar babur ɗina

Ko da tsufa zai kwashe duk abin da ke cikin kaina, ba na jin zai iya ɗauke safiyar sunan 'yata ta fari. Har yau in na ga rago ɗaure a bayan babur sai in kama dariya ni kaɗai, mutane su yi ta kallona.

A shekarar ne na sayi babur na farko a rayuwata. Muna zaune a Mainika, ina noma ina ɗan kiwo. Da na sayar da ɗan bijimina sai na roƙi kawuna ya raka ni Gwarzo, domin duk danginmu babu wanda ya kai shi daɗewa da babur. Nasa na babban kamfani ne, irin wanda kowa ya san sunansa, amma rana da ruwa sun cinye fentin, madubi ɗaya ya rage masa, kujerar kuma da zaren buhu aka ɗinke ta. Mukan tsokane shi mu ce babur ɗin ya girmi wasu matan aure a garin, shi kuwa sai dai ya yi murmushi.

Mai shago ya nuna mana iri biyu. Ga irin na Kawu, mai tsadar da aljihuna ba zai kai ba, ga kuma na wani sabon kamfani da bai fi rabin kuɗin wancan ba, ja wur, yana ƙyalli cikin leda. Ni dai tun daga bakin ƙofa zuciyata ta gama ciniki. Kawu bai ko kalli launi ba. Tsugunnawa ya yi yana duba shi yadda yake duba saniya a kara, ya girgiza nan, ya ƙwanƙwasa can. Da ya zo kan kariya, ƙarfen bayan da ake ɗora kaya, sai ya daɗe yana ƙwanƙwasawa yana saurare.

"Ba zan hana ka ba, ɗana, tunda shi ne daidai ƙarfinka," ya ce. "Injin ba shi da laifi. Amma irin wannan ba a fara aiki da shi daga shago. Sai mai walda ya ƙara wa kariyar ƙarfe, bakanike ya bi notinan ɗaya bayan ɗaya ya ɗaure. Kowa haka yake yi."

Na ce, "To, Kawu." A raina kuwa ban yarda ba. Walda za ta ƙona fenti, kuma dole a cire ledar, ni ko ina da inda nake so in je da ƙyallin nan. Matata tana goyon ciki a gidan iyayenta a Gammo, ta ƙasar Kabo, kuma ba a yi mako biyu ba aka aiko cewa ta sauka lafiya.

A wurinmu uban ɗan fari ba ya rawar kai. Tun ana gobe suna ake aika rago da goro, shi kuma ya laɓe don kunya. Goro dai na aika. Ragon, wanda na shekara ina kiwata shi a garken Kawu, na ce ni zan kai shi da kaina da safe. Gaskiyar magana, so nake in shiga Gammo lokacin da jama'a suka cika ƙofar gidan surukina, a ga rago a ga babur. Yarinta ke nan, ba ta jin kira.

Muna idar da sallar asuba na sa farar shadda, na ɗaure ƙafafun ragon haɗe da kariyar da igiya ɗaya. Kawu ya tsaya yana kallona, ya kalli kariyar da ba ta ga walda ba. "Allah ya kiyaye hanya. Yi gaba, ina bayanka," abin da ya faɗa ke nan.

Ƙarshen damina ne, hanya duk ramuka, dawa ta fi mutum tsawo hagu da dama. Na bar Kawu can baya yana tafiyar hawainiya. Na kusa shiga ƙasar Kabo sai na faɗa wani rami, na ji ƙas a bayana, babur ya yi sakayau yana gudu kamar ba shi ba. Wallahi daɗi na ji, na ce sabon inji ya fara sakin jiki. Sai da na yi 'yar tafiya na lura ragon ya daina kuka. Ina waiwayawa, babu rago babu kariya.

Malamai na can suna jira, dangin matata sun hallara, ni kuma ga ni a tsakiyar hanya hannu rabbana. Na juya da sauri. A bakin ramin na tarar da rabin kariyar. Igiyar ta saki ƙafafun ragon ban da guda ɗaya, ya shige dawa yana jan ɗaya rabin. Na bi shi a guje, raɓa ta jiƙa ni sharkaf, ƙarangiya ta kama shaddar, in na yi gabas in ji ƙarar ƙarfe a yamma.

Ina cikin haka na ji tututun tsohon babur ɗin nan. Kawu ya kashe shi a hankali, ya saurara, sannan ya yi irin kiran da yake wa garkensa da yamma. Ba a jima ba sai ga rago ya fito yana jan ƙarfensa, ya zo yana shinshinar hannunsa. Kawu ya ɗora shi a kan kariyarsa mai tsatsa, ya ɗaure tamau. Ko motsi ba ta yi ba.

Rana ta ɗaga sosai kafin mu isa. Kawu ne a gaba da rago, ni a baya da babur mai gundulmin gindi, shadda ta koma launin ƙasa. Jama'ar da na so su kalle ni sun kalle ni kuwa, har da masu toshe baki da hannun riga. Na durƙusa gaban surukina na kasa ɗaga kai.

"Baba, a yi haƙuri, hanya ce."

"Ba komai, tashi," ya ce, yana danne dariya. "Rago ya iso, kai ma ka iso. Sauran babur ɗin ma in sha Allahu zai iso."

Wuri ya ɓarke da dariya, har malamin da zai yi addu'a sai da ya rufe fuska da rawani. Aka raɗa suna, aka yanka rago, ni dai ban san ɗanɗanon goron ranar ba.

Kafin in koma gida na tsaya a Kabo wajen mai walda. Ya cire ledar ya yar, ya yi wa kariyar sabon ƙarfe, bakanike ya bi notina ya ɗaure. Gindin babur ya yi baƙi ƙirin, amma daga ranar ya ɗauki taki, ya ɗauki buhunan dawa, shekara da shekaru. Yakan nemi gyara fiye da na Kawu, wannan ba na musu, sai dai bai taɓa kunyata ni ba kuma.

Abin da na koya shi ne, mai tsada an gama aikinsa tun daga kamfani, mai araha kuwa kai aka bar wa ƙarashen. In ka ƙarasa, zai yi maka bauta daidai gwargwado. In ka tsaya kallon fenti, a gaban surukanka za ka gane dalilin da ya sa Hausawa suka ce araha ba ta ado.