Tsuntsun da Yaya Laweli Ya Gani Shi Kaɗai

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Malam Laweli, kuma a duk tsawon shekarun nan ban taɓa ɗaukar alƙalami na rubuta komai a kansa ba. Idan ranar ta zagayo addu'a nake yi masa, in raba sadakar masa ga maƙwabta, in ci gaba da harkata. Bana ma da haka za ta wuce, ba don abin da aka kira ni na gani a bakin kogi ba ranar Asabar ɗin da ta gabata. Tun ranar abinci ya daina yi mini daɗi, ni kuma ban iya haɗiye magana ba.

Ga wanda bai san shi ba, Yaya malamin lakwal ne, wato makarantar boko. Iyayenmu daga Tawa suka zo, amma mu a unguwar Yantala ta Yamai muka tashi, kogin Isa yana bayan gidanmu. Kowa da abin da Allah ya jarabce shi da shi, shi nasa tsuntsaye ne. Da sanyi ya shigo, lokacin da kogi ke cika alhali ko ɗigon ruwan sama ba a yi, sai ka gan shi bayan sallar asuba ya rataya madubin hangen nesa a wuya ya nufi gaɓa. Baƙi yake zuwa tara, in ji shi, wato tsuntsayen da ke gudo wa sanyin Turai su ƙetare hamada su sauka wajenmu: ƙananan agwagi, da tsattsewa, da wasu masu dogayen ƙafafu da ke caccakar laka, da ɗan rawayan nan mai kaɗa wutsiya da ke bin ƙafar shanu. Mutanen unguwa dariya suke yi masa, wai mutum da furfurarsa yana laɓe wa tsuntsu. Ni ma na yi tawa dariyar. Sai da mijina ya rasu na fita takaba, Yaya ya ce zaman ɗaki zai ƙarasa ni, ya ɗora mini ɗaukar shayi. Haka na shiga cikin masu bin sa kallon tsuntsaye.

Ba su da yawa a lokacin. Akwai amininsa Dokta Amadu, likitan dabbobi, da wasu tsofaffin ɗalibansa, sai ni mai shayi. Doka ɗaya ce Yaya ya kafa musu, kuma daga ganin watan azumi ya ɗauko ta: mutum ɗaya ba ya ganin tsuntsu. Idan ka hango baƙo, ba za ka furta sunansa ba. Za ka taɓa na kusa da kai ka nuna masa wurin, shi kuma ya faɗi abin da idonsa ya gani, launin ƙafa, tsawon baki, yadda wutsiya take. Idan bayaninku ya zo ɗaya, sannan a kira suna a ce an gani. Yakan ce idan ka riga ka gaya wa mutum suna, idonsa zai ƙera masa tsuntsun ko da kututture yake kallo. Na sha jin haushin wannan doka, don tana sa shayi ya huce.

Dokar kuwa a kansa ta fi ciwo. Wata safiya muna wani lungu mai ciyayi da kara, ƙasa da lambunan Yantala, ina tsiyaya shayi na ba shi baya, sai na ji ya damƙi hannun Dokta. Kafin mu juya, abin ya shige ciyawa. Yaya kaɗai ya gan shi, ya siffanta mana. Ɗan tsuntsu ne, bai kai gwara ba, bayansa ruwan ƙasa, da farin layi a saman ido, gindin wutsiyarsa ja, maƙogwaronsa kuma shuɗi kamar an tsoma shi a rini. A littattafai kawai ya san shi. Mu ba mu da suna gare shi a Hausa, shi ya sa masa Mai Shuɗin Wuya.

Dokta ya ce, "Malam, ai maganarka ta kai shaida biyu. Mu ce mun gani."

Yaya ya ce, "Kai mi ka gani?"

"Na ga kara na motsi."

"To kara ka gani, Amadu."

Maganar ke nan. Duk sanyin da ya rage masa a duniya a wannan lungu ya ƙare shi, ni a gefensa, ya hana ni juya baya ko da shayi zai zube. Ya siffanta mini tsuntsun nan har na haddace shi kamar fuskar ɗana. Bai sake fitowa ba. Idan wani ya tambaye shi ko Mai Shuɗin Wuya yana zuwa Yamai, amsarsa ita ce ba a tabbatar ba tukuna. Da wannan amsa aka kai shi kabari.

Da zai tashi yau ya je lungun, ban san abin da zai fara toshewa ba, hanci ko ido. Ruwan kwatar unguwa a nan yake zuba, baƙi ƙirin, da kumfa a kai. Leda ta maƙale a kowane kara har daga nesa ka ɗauka hankaki ne suka sauka. An zubar da ɓaraguzan gini an cike rabin fadamar. Wannan duk na saba da shi, raina ya daina tashi. Abin da ban saba da shi ba shi ne abin da ƙungiyarsa ta zama. Yanzu suna da yawa, suna da riguna iri ɗaya da huluna iri ɗaya, da hoton Yaya a ƙirji. Kowa da salula a hannu, ya ɗauki hoto, na'ura ta faɗa masa suna, ya watsa wa duniya kafin tsuntsun ya gama sauka. Suna zuwa da ɗan lasifika suna kunna kukan tsuntsu don ya fito daga ciyawa, halittar da ta ƙetaro hamada da yunwa, a hana ta kiwo saboda wani yana son hoto. Ban taɓa jin ɗayansu ya tambayi ɗan'uwansa me ya gani ba. Tambayarsu ita ce mutum nawa suka kalli hoton.

Shugabansu na yanzu, Abdu Razak, bai taɓa zama da Yaya ba, amma ya fi ni iya ba da labarinsa. Shi ya kira ni ranar Juma'a, muryarsa har tana tsalle.

"Tanti, albishirinki. Tsuntsun Malam ya zo. Gobe da safe ki taho, ke muke so ki zan shaida ta biyu, yadda Malam ya koyar. Da kin ce kin gani, mu sanar da sunanshi."

Ya kamata in tambayi kaina yadda mutum zai yi wa tsuntsun daji alƙawarin gobe da safe. Amma ina son abin ya zama gaskiya. Dokta Amadu yana raye, sai dai yanar ido ta rufe shi, ba ya bambanta zalɓe da balbela. Cikin waɗanda suka tsaya a lungun ran nan, ni kaɗai na rage mai gani. Na ɗauko madubin Yaya na goge shi, na hau kabu-kabu da sassafe duk da ciwon gwiwa.

Na iske an share wurin, an kwashe ledar da za ta shiga hoto an tara ta gefe. Sun jeru da rigunansu. Abdu Razak ya kama hannuna ya tsayar da ni inda yake so, ya nuna. Na ɗaga madubi.

Shi ne. Farin layi a saman ido, jan gindin wutsiya, da shuɗin nan a maƙogwaro, daidai yadda Yaya ya faɗa, babu ƙari babu ragi. Hawaye suka cika mini ido, na ce a raina, ashe gaskiyarka ne, Yaya. Na share ido na sake dubawa. Sai na ga tsuntsun yana saman kara a fili, jama'a na surutu kusa da shi, bai gudu ba. Yaya ya gaya mini ba ya son sarari, a ƙasa yake yawo cikin ciyawa. Ya buɗe baki yana haki. Ya yunƙura zai tashi, wani abu ya fizgo shi ya dawo da shi, ya rataya da ƙafa ɗaya yana fuffuka.

Na ajiye madubi na shiga lakar da takalmina. Zaren kamun kifi ne, irin farin nan da ba ya fita a hoto, an ɗaure shi a ƙafarsa an ƙulle a kara. Zaren ya yanke fata ya shige, ƙafar ta kumbura ta karkace.

Na ce, "Wa ya ɗaure shi?"

Abdu Razak ya matso yana rage murya. "Tanti, ki tsaya ki ji. Tsuntsun na gaske ne, ba mu rina shi ba. Masu tarkon janbaki a gonakin shinkafa na nuna ma hoto, na ce in ya faɗa ragarsu su kira ni. Shekaranjiya ya faɗa. Ke nan yana zuwa Yamai, Malam ya yi gaskiya. Mu wurin kawai muka gyara, don a ce inda ya gan shi nan ya dawo. Girmama shi muke yi."

"Shekaranjiya. Mi ya ci tun shekaranjiya?"

Wata yarinya a bayana ta ce a hankali sun ba shi gero. Tsuntsu mai cin ƙwari, masu hoton Yaya a ƙirji sun ba shi gero.

Na sa haƙori na tsinke zaren, don babu mai reza cikinsu, ko kuwa babu mai niyyar ba ni. Na ɗora shi a tafin hannuna. Nauyinsa bai fi na ƙwallon goro ba, zuciyarsa na bugawa da sauri a kan yatsana. Na ajiye shi cikin ciyawa ko zai shige, ya kife a gefe. Na sake ɗaukarsa na rufe shi da bakin gyalena. Kafin in hau gaɓa bugun ya tsaya. Da na waiwaya, wani yana ɗaukar hotona.

Ban taɓa jin ƙyamar mutane irin ta ranar ba, kuma na yi aikin asibiti shekaru, na ga abubuwa. Abdu Razak ya biyo ni har bakin hanya yana cewa ai dai na gani da idona, kalma ɗaya ce kawai. Na ce masa na ga tsuntsu ɗaure, idan wannan yake so in shaida, a shirye nake. Da yamma hoton ya fita duk da haka, an yanke shi daidai saman ƙafa, da sunan yayana a ƙasa da addu'o'i. Mutane suna ta kirana suna taya ni murna. Dalilin wannan rubutu ke nan. Duk wanda ya ga hoton nan, ya sani ni Rakiya ƙanwar Laweli ban shaida ba, kuma ban yarda a jingina shi da sunansa ba.

Washegari na je na gaya wa Dokta Amadu. Ya tambaye ni ko shuɗin ya kai yadda Malam yake faɗa. Na ce ya kai. Ya ce, "Allah ya jiƙan Malam. Ni da na ce mu ce mun gani, kwana uku bai sha shayi da ni ba."

Ina ta auna abin da ya rage na Yaya bayan shekara tara. Fadamar tana ƙarewa. Ƙungiyar ta riƙe fuskarsa ta yar da dokarsa. Ɗalibansa na gaske sun watse, wasu Maraɗi, wasu Damagaram, wasu sun riga mu. Abin da ya rage shi ne abin da ya ƙi faɗa. Mutum ya ga abin da ya fi so a duniya, yana da gaskiya, aminansa sun yarda su rufa masa, ya ce a'a, ya mutu bai ci ribar gaskiyarsa ba. Da ina ganin taurin kai ne kawai. Sai da na riƙe gawar ɗan tsuntsun nan na gane abin da yake tsare mu daga gare shi.

Na binne tsuntsun a gindin bishiyar bedin gidanmu. Sanyi bai ƙare ba, kuma yanzu na san danginsa suna nan wani wuri cikin ciyawar kogin nan, ba zare a ƙafarsu. Gobe bayan asuba zan rataya madubin Yaya in koma lungun, in toshe hanci in zauna. Ba ni da wanda zan taɓa in ce masa me ka gani. Idan Allah ya sa ya fito, zan kalle shi har ya shige, in dawo gida. Wanda ya tambaye ni ko Mai Shuɗin Wuya yana sauka a Yantala, zan ce masa ba a tabbatar ba tukuna.