Izu Bakwai Suka Rage Wa Malam

Edita, assalamu alaikum. A zamanin da na koyi tuƙi, idan ka kashe mota ka zare makulli to ta mutu ke nan, babu abin da zai sake motsi a cikinta. Fanka da bel take juyawa, inji ya tsaya ita ma ta tsaya. Motocin yanzu kuwa sai ka rufe su ka yi nisa, ka ji suna ƙugi su kaɗai. Na yi shekaru masu yawa ina jan babbar mota, na kai goro Wagadugu da Yamai da Kano, na ɗauko albasa zuwa Kumasi da Abijan. Ina jin Gonjanci da Dagbanci da Mosanci da Tiwi, ga Faransancin tasha. Da na tsufa na dawo Salaga da 'yar tsohuwar motata da wani mugun hali: duk abin da aka faɗa mini, sai na ce na ga wanda ya fi shi a wata ƙasa.

Ina da amini a Yendi, malami ne, tare muka tashi kafin karatu ya ɗauke shi, hanya ta ɗauke ni. Shekara shida ya yi yana rubuta Alƙur'ani da hannunsa, da alƙalamin kara da tawadar da yake dafawa da kansa, wasali da ja. Ya ce mahaifinsa ya rubuta nasa, kakansa ma haka, shi ne na ƙarshe a gidan da ya iya irin wannan rubutu, domin 'ya'yansa a waya suke karatu. Cikin izu sittin ya gama hamsin da uku. Ya roƙe ni in kai shi Bawku wurin wani baduku da zai ɗinka masa gafaka, jakar fatar da ake ajiye Alƙur'ani, yana so a auna da takardun a gabansa.

Motar tana yawan zafi, sai na sayo fankar lantarki ta hannu daga Kumasi. Na kai wa wani fita, kamar yadda muke kiran makanike a nan, mutum ne mai furfura kamar ni. Muka cire tsohuwar fankar, muka ɗaura sabuwar a bayan lagireto. Ragar da ke rufe fukafukanta ta ƙi shiga, wurin ya yi kaɗan, na ce a yanke ta. Da aka zo haɗa waya ya ce a bi ta makulli, yadda in an kashe mota fankar za ta mutu. Na ce a'a, a Abijan na ga ana haɗawa kai tsaye da batir, ta riƙa tashi da kanta duk sa'ad da inji ya yi zafi, ko an kashe. Ya ce can ba sa yanke raga, kuma mutanenmu sun saba sa hannu cikin inji da zarar an kashe shi. Na tambaye shi ko ya taɓa wuce Tamale. Ya yi dariya ya ce bai taɓa ba, amma yatsunsa goma cif suke. Ya haɗa yadda na ce, ya roƙe ni in riƙa gaya wa duk wanda zai buɗe bonet. Na ce to, ban kuwa gaya wa kowa ba.

Na ɗauki Malam a Yendi da hantsi, takardunsa naɗe cikin farin zane a kan cinyarsa. Yana ta tsokanata wai motar ta girme mu duka, ni ina ce masa ta fi shi ganin duniya. Gab da Gushegu muka fara jin wani kar-kar a gaba, na san leda ce ta shige ta maƙale. Azahar ta yi, na tsaya gindin wata bishiya, na kashe mota, na ɗaga bonet don ta sha iska. Na miƙa wa Malam makullin ya riƙe, na ɗauki buta na koma gefe. Ya ɗaga murya ya ce ga ledar nan ya hango ta, bari ya cire kafin Alhaji, wato ni, ya ƙare wankan da yake kira alwala. Har ya nuna mini makullin, ya ce ai ni na koya masa tun muna samari cewa in makulli na hannunka inji ba ya cizo. Gaskiya ne, ni na koya masa.

Ina da lokacin da zan yi magana. Na ji abin da ya ce sarai, ruwa na bakina, na ce a raina bari in furzar tukuna. Inji yakan ƙara zafi bayan an kashe shi, na san wannan. Kafin in furzar na ji fankar ta tashi. Malam bai yi ihu ba, salati kawai ya yi ya durƙusa, makullin na nan a hannunsa na hagu. Ta datse babban yatsansa da manuni na dama har jijiya. Na naɗe hannun da rawanina muka juyo Yendi, duk hanya abin da yake ce mini shi ne in kula kada jini ya taɓa takardun.

A asibiti sun yi iyakar ƙoƙarinsu, yatsun sun warke amma ba sa lanƙwasuwa. Ya gwada ɗaure alƙalami da tsumma, ya gwada hannun hagu wata da watanni, ya nuna mini shafi guda ya ce in duba, ko wannan ya dace ya kwanta kusa da sauran. Na duba, bai yi kama da rubutunsa na da ba. Na nemi marubuta har Tamale da Kumasi, na samu biyu, ya gode ya ce hannun wani ba hannun gidansu ba ne. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ce masa gangancinsa ne, tsoho da sa hannu inda bai sani ba. Ina zaune ana faɗin haka. Shekara biyu kafin na iya gaya masa cewa an gargaɗe ni na ƙi ji. Ya ce ya sani tun tuni, fitan ya zo duba shi ya yi kuka ya faɗa masa komai. Ya ce ya yafe, ya tambaye ni ko na ci abinci. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Daga baya na tafi Bawku ni kaɗai a motar haya, na kai wa badukun awo, ya ɗinka gafaka mai cin izu sittin. Malam ya karɓa ya yaba ɗinkin, ya zura takardunsa. Akwai sauran wuri a ciki, kusan kaurin yatsa.

Na ga garuruwa da yawa, amma rabin abu na gani a Abijan na ɗauko, na bar ragar a can. Ina roƙon masu tsofaffin motoci: in za ku sa fankar lantarki, kada ku yanke ragarta, ku haɗa ta ta makulli, in kuwa kai tsaye take ku gaya wa duk wanda ya matso, tun kafin ya tambaya. Kuma in mai sana'a ya hana ku abu, kada ku tambaye shi inda ya taɓa zuwa. Na sayar da motar, na daina tuƙi. Malam yana nan da rai, ina zuwa gaishe shi duk wata. Alƙur'anin gidansu ya tsaya a izu hamsin da uku, kuma babu wanda zai ƙarasa shi.