Takalman Ƙafar Dama

Ko na manta komai a rayuwata ta dukanci, ba zan manta shekarar da na kusa rufe rumfar da na gada wurin mahaifina a Daura ba. Takalman roba sun cika kasuwa, arha kamar kyauta. Ni kuwa sai in wuni gaban takalmana na fata babu mai tayawa, sai 'yan gyare-gyare. Abin ya dame ni ƙwarai, har na sa wani abokina ya nemo mini aikin gadi a Kano.

Matata ce ta tare ni, kuma ba da wa'azi ba. Wata safiya tana sharar zaure, ta zazzage buhun takalman da aka kawo gyara, ta jera su a tabarma. Ta tambaye ni wai mutanen garin nan ƙafa ɗaya gare su? Na ce ta bar ni da abin da ya ishe ni. Ta ce dai in duba. Wallahi kusan duk na dama ne, kuma duk a tsakiyar tafi suka karye.

Sai na tuna masu kawo su. Masu takalman 'yan acaɓa ne masu bin hanyar Mai'adua da Dutsi, kuma da ƙafar dama suke buga kik su tayar da babur. Shekara da shekaru ina ɗinke ɓarnar, ban taɓa tambayar dalili ba.

Ranar na yanko tsohuwar tayar mota, na ɗinka sababbin takalma, na ƙara wa tafin dama ƙarfi da ita. Don ɗoki sai na manta da na hagu. Ɗan acaɓan da ya fara saye ya dawo yana ɗingishi, ya ce, "Baba, takalmi ka sayar mini ko gurguntaka?" Matata kuwa tana bayan ƙyaure tana dariya har da hawaye. Na daidaita tsayinsu na miƙa masa, kunya kamar in nutse.

Damina ta wuce takalmin bai karye ba. Ya kawo abokansa, su ma suka kawo nasu, har daga ƙauyukan bakin iyaka ake aiko mini da awon ƙafa a kwali. Rumfar Baba ta tsaya da ƙafarta.

Na koyi cewa mai saye yana faɗa maka abin da yake so, ko bai buɗe baki ba. Kuma na daina raina maganar baiwar Allahn nan, domin da tsintsiya a hannu ta ga abin da ni mai basilla ban gani ba.