Kabewa a Kan Igiyar Shanya

Tunda Baba Direba ya ajiye tuƙin babbar mota, gida ya yi masa kaɗan. Mutumin da ya saba da dogon titi, yanzu daga ɗaki sai tsakar gida, 'ya'ya kuma duk sun kama gabansu. Sai ya tsiri haɗa taki da sharar kicin, ya haƙa rami a lungun da matarsa take shanya.

Ɓawon ayaba, ɓawon ƙwai, ruɓaɓɓen ganye, komai ya zama dukiya. Tana yankan albasa yana tsaye a kanta da bokiti kamar mai jiran fasinja. Har gidajen maƙwabta yake bi. Suka sa masa Baban Juji, kuma yana amsawa.

"Malam," matar ta ce, "zannuwana sun fara wari. Na ba ka damina ɗaya. In ban ga abin miya ba, ka cike ramin nan ka ba ni wurina."

Ya yi dariya, amma maganar ta tsaya masa a rai. Ramin nan kaɗai ke sa shi tashi da safe da abin yi.

Shi taki haƙuri yake so: a zuba, a rufe da busasshen ganye, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa har ya yi baƙi ya huce. Baba Direba kuwa ko a titi bai taɓa iya bin bayan wata mota ba. Takin yana tururi ya kwashe shi ya jibga wa tumatirin da ya shuka a gindi. Suka langaɓe, suka ƙone ƙurmus.

Daga nan ya daina ɗaukar bokiti. Sai zaman kujera da kallon bango, abinci ma tsakura yake yi. Ita matar da ta ci gardama, sai tausayinsa ya kama ta.

Ashe 'ya'yan kabewar da ta taɓa watsawa a bokitin sun tsira a bakin ramin. Kabewa ta yi yaɗo, ta kama sanda, ta haye igiyar shanya, ta zuba 'ya'ya abinta.

Da damina ta ƙare, ya ɗauko shebur.

"Ina zuwa da shebur?" ta tambaye shi.

"Alkawari na zo cikawa. Ban kawo komai ba. Wannan da kanta ta fito."

"Da kanta? Irina ne, takinka ne. Kar ka taɓa min kabewa."

"To shanyar fa?"

Ta nuna masa katanga, ga zannuwanta a kai suna shan rana. Sannan ta turo masa bokitin da ƙafa. Cike yake maƙil, ita ta yi ta tarawa.

"Ɗauki kayanka, sun cika min kicin. Wannan karon ka bar shi ya huce."