Inuwar da Inna Ta Ce Arzika Ne

Ranar wata Laraba ce a ƙarshen damina, shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, Nomau mai kwalekwale ya ɗaure jirginsa a jikin sandar tutar makarantarmu, ya shigo ajin da muke zaune da buhun gari a kafaɗa. Lokacin mun kwana biyu a makarantar. Kwara, wato kogin Neja, ta cika ta shafe gonakin shinkafa, ta bi tungarmu da ke kusa da Kaoje gida-gida, duk wanda ya tsira ya hau tudun makaranta, domin nan kaɗai ruwa ya bari. Da Nomau ya ajiye buhun sai ya ciro 'yar wayarsa, yana nuna wa maza yadda ruwa ya yi a ƙetaren iyaka, ɓangaren Benin. Inna ta leƙa ta bayan kafaɗar Kawu, ƙaninta, sai kawai ta fizge wayar. "Wanga Arzika na," ta ce. "Wallahi ɗana na."

Arzika yayana ne, mu biyu kaɗai Inna ta haifa. Kafin ruwan ya zo ya loda bandar kifi a kwalekwalen Baba ya tafi kasuwar ƙetare, tun daga nan ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Layin waya ya ɗauke, hanyar mota ta nutse. Hoton da Inna ta riƙe kuwa babu mutum ko ɗaya a cikinsa. Bangon wani siton shinkafa ne Nomau ya ɗauka don a ga inda ruwa ya kai, rana tana bayan Nomau, sai inuwoyin mutanen da ke tsaye a gaɓa suka faɗa kan bangon, dogaye, a cakuɗe da juna. Aka tambaye shi ko ya ga Arzika a wurin, ya ce mutane sun yi yawa, bai lura ba. Kafin ya tafi ya haɗa wayarsa da ta Kawu ya tura masa hoton.

Zaman ajin nan ba zan manta da shi ba. Gida biyar ko shida ne a ɗaki guda, an jingine bencina a bango, an rataye zannuwa a igiya don kowa ya sami ɗan sirri. Lissafin da malaminmu ya rubuta ranar ƙarshe yana nan a allo, babu wanda ya goge. A kan teburan karatu muke shanya shinkafar da aka tsamo, tana wari tana tsiro. Da safe mukan ɗebo jan ruwa a bakin baranda mu ajiye ya kwanta, mu kori awaki daga kan tabarma, mu hura itacen da bai bushe ba har idanunmu su yi ja. Filin da muke langa da 'yar gala-gala ya zama tafki, macizai suna iyo a ciki. Sauran yara ana barinsu su zauna a baranda su jefa fatsa, ni kuwa Inna ta hana ni ko bakin ƙofa. Ko bayan gida zan je sai ta riƙe mini hannu. "Guda ya tahi, ba ni ba ruwa ta biyu," haka take cewa duk wanda ya yi mata magana. Wasana bai wuce carafke da tsakuwa a ƙarƙashin taga ba, ina jin ihun ƙawayena a waje.

Wayar Kawu a wani ɗan farantin sola na hedimasta ake yi mata caji, don haka ba kullum take kunne ba. Duk lokacin da ta kawo, sai ta yi ta zagaya ɗakin hannu zuwa hannu, kuma abin da ya ba ni mamaki shi ne babu mutum biyu da suka ga abu ɗaya. Masunta suka ce gurar kamun kifi ce aka jingine da sanda. Wata tsohuwar Bafulatana da ruwa ya raba da rugarsu ta ce tozon bijimi ne, har ta nuna ƙahonsa. Ni da na karɓa, akuya na gani ta ɗora ƙafafun gaba a kan turmi. Inna ta sa farce tana bi mini: ga malafarsa da yake karkatawa, ga kafaɗar hagu da ta sauka saboda tuƙi, ga gorar tuƙin a hannunsa. Ta ce, "Balki, duba dai da kyau. Mi kika gani?" Na ce mata akuya. Ba ta yi mini faɗa ba, ta juya ta fuskanci bango, abincin ranar ma ba ta taɓa ba.

Bayan 'yan kwanaki wasu masunta suka zo da labarin an ga kwalekwale a kife ya maƙale a cikin ciyawa, da jan fenti a goshi irin na Baba. Dattawa suka fara zuwa suna zama kusa da Baba suna magana ƙasa-ƙasa, cewa ya kamata a yi wa yaro addu'a a ba da sadaka, a bar wa Allah. Baba ya karɓi wayar ya daɗe yana kallo, ya ce shi dai duhu kawai yake gani. Inna ta ce muddin tana numfashi babu mai karɓar gaisuwar ɗanta, ga shi nan tsaye a bango. Matan ɗakin suka riƙa kallonta da tausayi, irin kallon da ake yi wa wadda hankalinta ya fara taɓuwa. Na ji wannan kallon a jikina. Duk ɗakin ita kaɗai ce a gefe guda, ni kuma ina son in koma wajenta, amma idona ya ƙi. Na juya wayar sama da ƙasa, na kawo ta daf da hanci, na rufe ido ɗaya, akuyar nan tana nan a kan turminta.

Wata rana da hantsi ina hura wuta, Kawu ya ba ni wayar in riƙe masa. Hayaƙin ɗanyen icce ya cika mini ido da hawaye, na miƙa hannu nesa don kada wayar ta yi zafi, sai na kalle ta cikin dishi-dishi. Ƙananan layukan da ke ruɗa ni suka narke, baƙin ya haɗu wuri guda, kawai sai ga Yaya Arzika a tsaye, da malafa da saukakkiyar kafaɗa, kamar zai juyo ya ce in kawo masa ruwa. Na kurma ihu, "Inna, na gane shi! Ga shi nan!" Na share idona na sake dubawa, yana nan. Na nemi akuyar, na rasa inda ta shiga, har yau ban sake ganinta ba. Inna ta rungume ni tana kuka, ranar ta ci tuwo. Baba ya dube mu, ya dubi dattawa, ya ce a dakata da maganar sadaka tukuna.

Sai da ruwa ya fara ja, laka ta bayyana a filin makaranta, sannan Arzika ya dawo, a bayan babur ta doguwar hanyar Kende, ya rame, zazzaɓi ya ci jikinsa. Jirgin ya kife da shi tun ranar farko, wasu Dandawa suka tsamo shi suka yi jinyarsa a ƙauyensu. Bayan an yi kuka an yi godiya ga Allah, na kawo masa wayar ina rawar jiki. Ya duba, ya tambayi inda aka ɗauka, Kawu ya faɗa masa. Ya ce bai taɓa taka wannan gaɓar ba, malafarsa kuwa ruwa ya tafi da ita tun sa'ar da jirgi ya kife. Kowa a ɗakin ya juya yana jiran abin da Inna za ta ce. Ta karɓi wayar ta ƙara kallo, ta shafa fuskar wayar da babban yatsa. "To," ta ce, "ko wane na, Allah shi maishe shi ga uwatai."

Daga baya, da na yi karatu, na fahimci cewa ido baƙi da fari kawai yake kawowa, zuciya ce take cike sauran da abin da ta saba gani ko abin da take nema, kuma in ta riga ta yanke, da wuya ta janye. Masunci ya ga gura, mai shanu ta ga tozo, uwa ta ga ɗanta. Yanzu ina Birnin Kebbi, 'ya'yana suna ɗaukar hoton da ake ƙirga gashin ido a cikinsa, su ja shi da yatsa biyu ya ƙara girma, babu abin da ya rage a yi gardama a kai. Arzika ya yi furfura, yana noman shinkafa a inda ruwa ya taɓa cinyewa. Inna ta rasu, wayar Kawu ta lalace tuntuni da hoton a cikinta. Wani lokaci da la'asar, idan inuwar masu wucewa ta faɗo a katangar gidana, nakan tsaya in ɗan runtse ido ko zan ga karkacewar ɗankwalinta. Har yanzu idona bai yarda ba, amma ban daina dubawa ba.